Sabuwar Hular Barau

Tun da aka kafa dokar rage wa masu sana'a ƙarfin wutar lantarki, tartsatsin walda ya koma kamar ƙyastawar ashana. In Barau mai walda ya rufe fuska da tsohuwar hularsa ta walda mai baƙin gilashi, duhu kawai yake gani. Ga shi jibi zai miƙa ƙafafun tankin ruwan unguwa. Dole ya nufi shagon Alhaji Tanimu mai kayan aiki.

"Alhaji, wadda za ta nuna mini aiki a ƙaramar wuta nake nema."

"Ga sabuwar yayi. Gwada ka gani, Malam Barau."

Barau ya saka ta, ya haɗa guntayen ƙarfe biyu, ya bi su da wuta. Ikon Allah! Komai tar, waldar ta kwanta sumul kamar kitso. Ya ɗage hular yana murmushi, sai ya ga waldar duk ramuka. Ya rufe, sumul. Ya buɗe, ramuka.

"Alhaji, ni fa ban gane ba. Wanne ne aikina?"

"Na cikin gilashi mana. Ita hular yadda aikin ya kamata ya zama take nunawa."

"To tankin fa? A ƙarƙashinsa mata ke layin ruwa."

"Kwantar da hankalinka. Jami'in da zai duba aikin ma irinta yake sawa."

Barau ya sake rufe fuska, ya lanƙwasa ƙarfen. A hannunsa ya ji ya rabu biyu. A cikin gilashi kuwa yana nan haɗe, sumul.