Baƙar Waya a Akwatin Baba Yafet

"Baba, akwatin wutar nan ya cika," in ji Ezekiyel mai gyaran lantarki. "Kafin in ja wa garejinka wuta, sai mun cire waya ɗaya."

Da ƙyar Baba Yafet ya ji shi, don lasifikar cocin bayan katangarsa ta cika unguwa da wa'azi.

Suka gane wayar falo da ta kicin da ta injin rijiya. Saura wata baƙa da ta shige bango.

"Ban san wannan ba," in ji Baba Yafet. "Cire ta."

Fasto yana cikin cewa, "Kada ka yi sata," Ezekiyel ya zare wayar. Lasifika ta mutu nan take.

Baba Yafet ya daɗe yana kallon katangar.

"Kuma ni Fasto yake zargi da rowar kuɗin baikon coci," in ji shi.