Rumbun Sunayen Dangi

Ranar da ya kammala shafin intanet na tarihin danginsu, ya ɗauki kwamfuta ya nufi ɗakin Kaka, idanunsa jajir don gajiya.

Shekaru da suka wuce, tun tana zuwa kasuwa da ƙafarta take ce masa, "Maigidana, zauna in lissafo maka dangi."

"Bari in zaɓi yaren kwamfutar da zan rubuta shafin tukuna, Kaka."

Ya zaɓa, ya canza, ya sake canzawa. Sai kuma rumbun adana bayanai: wannan ba sauri, wancan ba zai ɗauke zuri'arsu ba.

Yau komai ya daidaita, gurbin suna yana jira.

"To Kaka, fara daga kakanki."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara mayafinta.

"Bawan Allah, kai ɗan waye?"