Tsakuwar Kudaka

Gari bai gama wayewa ba Morikazu ya tarar da Chinami a bakin teku, ta fuskanci gabas, tafukanta a haɗe. Bai tanka ba, don a tsibirinmu na Kudaka ba a katse mai gaida rana.

Can sai ga rana ta ɓullo daga cikin ruwa, jajawur kamar garwashi, teku duk ta kama da wuta. Morikazu, ɗan birnin Naha da ya saba ganin rana ta tsakanin benaye, ya zuba mata ido. Ya sunkuya ya tsinci wata farar tsakuwa ya damƙe.

"Chinami, ki aure ni mu koma Naha. Wannan kuma mu ajiye a ɗakinmu, mu riƙa tuna safiyar yau."

Ta dube shi, ta dubi hannun. A hankali ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da tsakuwar gurbinta.

"Kai ɗan birni, ba a faɗa maka ba? Ko ƙwayar yashi ba a fita da ita daga nan, ta alloli ce." Ta sake fuskantar gabas. "Balle ni da Kaka ta damƙa wa addu'ar gidanmu."

Ya daɗe yana kallon hasken da ke kwance a fuskarta. Daga nesa jirgin ruwan da ya kawo shi, mai komawa da baƙi da safe, ya busa.

"To, abin da teku ta kawo muku fa?"

Ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. "Shi kam ba ma mayarwa."

Morikazu ya tuɓe takalmansa ya zauna a yashi kusa da ita. Jirgi ya sake busawa, ko waiwaye bai yi ba.