Magini da Bangon da Ke Gumi

Tunda ka ce ka yi duk yadda ka saba amma abin ya ƙi, gyara zama in ba ka misalin wani tsohon magini.

Mutumin nan da ginin ƙasa ya tashi, da shi ya yi furfura. Ya san tubali, ya san azara, ya san yadda ake shafe soro da makuba har ruwan marka ya sauka ta indararo bai taɓa ɗaki ba. Abin da ubansa ya koya masa guda ne: ruwa ɓarawo ne, daga waje yake zuwa, kada ka bar masa ko ƙofar allura. Wata shekara ambaliya ta cinye unguwarsu, har da gidan da ya gina da hannunsa. Gwamnati ta kwashe su zuwa rukunin gidajen da ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi, ginin bulo da siminti, rufin kwano, kowane gida bangonsa haɗe da na maƙwabci. Ranar da ya tare da matarsa, ya ɗaga kai ya ga wasu ƙananan ramuka a jere can sama kusa da silin. Ya girgiza kai, ya ce a ransa yaran zamani sun yi gini sun manta ba su ƙarasa ba. Kafin damina ta faɗi ya cusa musu tsumma, ya bi da siminti, ya liƙe gefen tagogi, ya hana a buɗe su. Wanda ruwa ya taɓa kora, ko raɓa tsoro take ba shi.

Da marka ta kankama, sai bangon ɗaki ya fara gumi. Naso ya fito ta kusurwa, baƙar fumfuna ta bi shi, ta hau bayan gado, ta shiga adakar tufafi, har tabarmar salla ta ɗauki wari. Matarsa, wadda dambu take yi na sayarwa, tun shigowar ruwa ta dawo da murhunta cikin ɗaki, shanya ma a ciki take yi. Ita ce ta fara tari. Tun tana yi jefi-jefi har ya zama in ta ja numfashi ƙirjinta kuka yake kamar an matse ɗan kyanwa. A asibiti aka ce mata fumfunar nan ce, muddin tana shaƙarta ƙirjin ba zai sake ta ba. Magini ya hau kwano ya duba, babu ɗigo. Ya haƙa kwata a gaba da bayan gidan, ƙasa a bushe. Ya ƙara yaɓe ta waje, ya kankare bango ya shafa farar ƙasa. Ma'aikatan gidajen ma suka zo suka yi fenti suka tafi, ba a jima ba baƙin ya huda fentin ya fito. Abin da ya fi ɗaure masa kai, har ranar da ba a yi ruwa ba bangon yakan tashi da hawaye. Yakan tsaya ya dafa shi, ya dubi tafin hannunsa, ya rasa ta ina ɓarawon yake shigowa alhali ya rufe ko'ina. Duk sanda abin ya ƙaru sai ya ƙara toshewa.

Daga ƙarshe zarginsa ya faɗa kan maƙwabcinsa, wani direban babbar mota da bai cika zaman gida ba, wanda kowa ya san ko ƙusa ba ya kafawa. Ya yi sallama da shirin faɗa. Matar direban ta shigar da shi tana ba da haƙuri a kan halin ɗakin, wai gilashin taga ya fashe tun bara maigidan bai gyara ba, ramukan sama kuwa har tsattsewa na leƙowa ta ciki. Magini ya shafa bangon, wannan bango dai da ya raba su, ya ji shi a bushe ƙayau. Ya sake shafawa. Ya fito bai faɗi abin da ya kawo shi ba, yana ta saƙe-saƙe: yaya za a yi gidan malalaci ya bushe, na mai kula ya jiƙe?

Ya shiga gida ya tarar da matarsa tana buɗe madambaci. Tururi ya turnuƙe ɗakin. Ta kifa murfin a gefe, sai ya ga ruwa ya taru a cikinsa ɗigo-ɗigo yana gangarowa, ga shi kuwa ba wanda ya zuba masa ruwa. Ya daɗe yana kallon murfin, sannan ya dubi bango, sannan ya ɗaga kai ya dubi yaɓen da ya yi da hannunsa. Bangon ƙasa yakan sha tururi ya fitar, shi ya sa bai taɓa sanin wannan ba. Na siminti ba ya sha. Ya ɗauko guduma ya taka turmi, ya fara fasa simintin da ya toshe ramukan da shi.

Matar ta ce, "Malam, ga hadari ya haɗo, kai kuma kana huda mana ɗaki?"

Ya ce, "Ni ma ban gama ganewa ba. Amma da alama cikin tukunya na saka ki, na rufe da murfi."

Aka yi ruwan ranar yana zaune ƙarƙashin ramukan da ƙwarya a hannu, yana jiran ɓarawo ya shigo. Iska ce kawai ta shigo. Ya kafa mata rumfar girki a baranda, aka wanke bango, aka bar tagogi a buɗe. Sannu a hankali naso ya ja da baya, kukan ƙirjin nan ya yi shiru. Shi dai har yau in ya wuce gini ya ga rami, hannunsa ƙaiƙayi yake yi, sai ya cusa shi a aljihu.

Ka ga, ba rashin sani ne ya cuce shi ba, sanin wani gida ya kawo wani gida. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.