Kwalbar Safiyar Litinin

Rezeda ta naɗe kwalbar cikin safar hannu ta ulu, ta cusa ta ƙasan jaka, sannan ta daka wa 'ya'yanta tsawa su fito kada bas ta wuce su. Ilsiyar, babbar, mai shekara sha biyar, ta fito rataye da takalman ƙanƙara, idanunta a kumbure. Leisan, 'yar shekara tara, tana biye tana mita an tashe ta tun lokaci bai yi ba.

Duk uwar da 'yarta ke rawar ƙanƙara, wato wasan zamiya da tsalle a kan daskararren ruwa, a wannan kulob na birnin Kazan ta san kwalbar nan. Likitan kulob yana ba manyan 'yan mata wasu ƙwayoyi da yake kira bitamin, mu iyaye ma muna taya shi kiransu bitamin, don bakinmu ba ya iya faɗin ɗaya sunan. Sati uku kafin gasa sai ya tsayar. Idan saura sati guda, kowacce ta kawo fitsarin safe daga gida. Wadda aka ga saura a jikinta ba ta tafiya, kada masu bincike na ƙasa su kama ta a can su kunyata kulob.

Matsalar ita ce Ilsiyar ba ta tsayar ba. Ranar Alhamis Rezeda ta tsinci fankon ƙwayoyin a aljihun jakarta. Yarinyar ta yi kuka, ta ce in ba ta sha ba ƙafafunta ba sa ɗaga ta a tsalle na ƙarshe, ga wata 'yar sha uku tana jiran gurbinta. Shekara goma sha ɗaya suna tashi da asuba saboda wannan gasa. A sana'ar nan kuwa, wadda ta kai sha shida ba ta yi suna ba, tsohuwa ce.

Rezeda ba ta doke ta ba. Kwana uku tana ɗura mata ruwa da dafaffen ganye, ta kai ta ɗakin tururi har sau biyu ko gumi ya fitar da maganin. Ranar Litinin ta miƙa wa likita kwalbar.

Ranar Laraba da la'asar tana zaune a bencin iyaye, bayan gilashi. A babban fili Ilsiyar tana faɗuwa tana tashi. A ƙaramin fili na gefe, ajin yara, Leisan tana juyi kamar katantanwa, kumatu jajur. Tun da aka mayar da ita wannan ajin a watan Satumba ba ta san gajiya ba. Abinci ma sai an yi da gaske, shayin da malamarsu ke zuba musu daga filas ya ishe ta. Sauran iyaye har hassada suke yi.

Sai ga kociyar manya, Tamara Lvovna, ta leƙo.

"Rezeda Ildarovna, taso. Ki taho da gimbiyar taki."

A ofishin likita ba a ce su zauna ba. Ya ajiye takarda a tebur, ya danna ta da yatsa, ya ce Ilsiyar ba za ta je ko'ina ba.

Rezeda ta ce lallai an yi kuskure, an haɗa kwalbarta da ta wata. Likita ya ce shi da kansa ya rubuta suna a jiki, a gabanta.

"Kuma wannan ba saura ba ne," in ji shi. "Sabo ne fil, kamar jiya aka sha. Ba ma irin nawa ba ne. Ni ba na ba yara wannan, ba mahaukaci ba ne ni. A ina kika sayo?"

Ilsiyar ta rantse tun Alhamis ko ƙwaya ɗaya ba ta kai bakinta ba. Tamara Lvovna ta yi tsaki.

"Ji ta, sarauniyar rantsuwa. Da kina sauka daga tsalle yadda kike zuba ƙarya, da tuni mun huta."

Yarinyar ta juya ga uwarta tana jiran a kare ta, ko a zage ta. Rezeda ba ta ko dube ta ba. Takardar take kallo, kuma tsoron da ya kama ta ba na gasa ba ne.

Likita ya sassauta murya. Ya ce maganar gasa ta ƙare, yanzu maganar rai ake. Maganin yana tilasta wa zuciya gudu, kuma ƙodar ta riga ta fara nuna alama. Yawan da ya gani, ga mai nauyin kilo arba'in da biyar, ya isa ya kayar da ita a tsakiyar fili ba ta sake tashi ba. A cire mata takalma yau, a kai ta asibiti yau.

Rezeda ta dafa tebur. Ta dubi likita.

"Likita, in mai shi ba ta kai kilo talatin ba fa?"

Ya ɗago kai, bai gane ba. Ita kuwa shayin filas ɗin nan ne ya faɗo mata a rai, ba ta jira amsa ba. Ta ture kociya daga bakin ƙofa ta fita a guje, ta wuce babban fili, ta faɗa kan ƙanƙarar ajin yara da takalminta na titi, tana zamewa tana kiran suna ɗaya. Kwalbar da ta kawo ranar Litinin, ba ta Ilsiyar ba ce: Leisan ta tasa daga barci, ita ce ta cika mata ita.