Lofen Malam Arzika

Malam Arzika ya tofar da yawu. Sabon lofen da ya sayo a kasuwar Shuwarin don shan taba ɗaci yake har maƙogwaro. Ya kankare cikinsa, ya shafa zuma, ya jiƙa shi a ruwan tsamiya, duk a banza.

Amininsa Modibbo ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ishara ce. Shari'a ta zo, ka tuba. Kawo in jefa maka shi a masai."

Arzika ya miƙa masa, har da ƙwalla.

Ran Juma'a ya ratsa ta gonar Modibbo, sai ya hango shi yana zuƙar lofen, yana ba wani labari cikin dariya:

"Ai da ya tashi alwala, sai in barbaɗa masa garin maɗaci a ciki."