Curin Shinkafar Ban Haƙuri

"Rufe shagon nan, Tokuji. Daga wurinka cutar take fitowa."

Kuwabara, jami'in lafiyar unguwa, ya ɗaga murya don maƙwabta su ji, sannan ya barbaɗe ƙofar shagon awarar Tokuji da farin magani. A Tokyo ta bayan yaƙi, farin nan ya fi zagi ciwo, domin ko gaisuwa sai a daina yi da kai.

Zazzaɓin taifot ya addabi unguwar. Abin da ya ɗaure wa Kuwabara kai shi ne, gidan da ya bincika ya tarar kowa lafiya, ba a jimawa sai a kwashi wani zuwa asibiti.

Tokuji ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, zuwanka na farko ma an gwada ni, ba a ga komai ba. Amma na ji. Ka gaida Mama, ka ce kada ta wahalar da kanta wannan karon."

"Wace wahala?"

"Curin shinkafa mana. Duk gidan da ka shiga, washegari sai ta kawo, ta durƙusa ta ce a yafe wa ɗanta kunyar da ya ba mu. Da hannunta take curawa, baiwar Allah."

Kuwabara ya tuna zazzaɓin da mahaifiyarsa ta yi bara. Shi ya ɓoye ta a ɗaki har ta warke, don kada a ga fari a ƙofar jami'in lafiya. Ya kuma san wanda ya warke daga taifot na iya ci gaba da yaɗa shi ta abincin da ya taɓa.

Ya ɗauki sauran maganin ya nufi gida, kansa a ƙasa. Tun daga bakin lungu ya jiyo ƙamshin shinkafa.